Kafin Ka Sayi Fiyano Mai Raka Kiɗa: Abin Da Mai Shago Ba Zai Gaya Maka Ba

Tun shekarun 1990, lokacin da situdiyoyin Kano suka rungumi fiyanon Yamaha wajen haɗa waƙoƙin fim, wannan na'ura ta zama jigon kiɗan zamani a ƙasar Hausa. Yau da ita mawaƙin biki ke cin abinci, da ita masu bege na zamani ke raka ƙasidunsu, ita ce kuma ke jan waƙa a majami'un Jos da Kaduna. Sai dai kuɗinta da dala ake lissafa shi, kuma matasa da yawa sun tara na shekara guda sun zuba a kan wadda ba ta dace da aikinsu ba. Mafi yawan wannan asara daga abu ɗaya take tasowa: mai saye ya bi lambobin da aka rubuta a jikin kwali, ya manta da kunnensa da kuma aikin da zai yi.

Yadda take aiki

Fiyano mai raka kiɗa ta bambanta da fiyano zalla. An raba maɓallanta gida biyu. Idan ka danna haɗin amo da hannun hagu, sai ganga da bas da jita da sauran kayan kiɗa su tashi tare, su bi duk inda yatsunka suka juya, hannun dama kuma yana fitar da karin waƙa. Wannan rakiyar ita ake kira salo. Kowane salo yana da mabuɗi, da gangar jiki, da ɗan juyin ganga da ake sakawa tsakanin baiti da amshi, da kuma marufi. Shi ya sa mutum ɗaya kan cika fili kamar ƙungiyar makaɗa biyar.

Su wa ke kasuwa

Kamfanonin Japan huɗu ne suka fi suna: Yamaha da Korg da Roland da Casio. Akwai kuma Ketron na Italiya, wanda samun kayansa da mai gyaransa a nan sai an sha wuya.

A matakin masu koyo, Yamaha PSR-E373 tana da maɓallai 61, da sautuka 622, da salo 205. Yayarta PSR-E473 tana da sautuka 820 da salo 290, ga wurin jona makirfo. Casio CT-X700 na gogayya da su da sautuka 600 da salo 195, galibi a kan farashi mai sauƙi. Dukkansu suna aiki da batir, abin da ba ƙaramin alheri ba ne a garin da wuta ba ta da tabbas.

Matsakaicin mataki shi ne na masu neman kuɗi da kiɗa. Nan ake samun PSR-SX600, sai SX700 da SX900 da suka fito a 2019, da magadansu SX720 da SX920 na 2024. Korg na da Pa700 da Pa1000, Roland kuma na da E-A7. A can ƙololuwa akwai Yamaha Genos ta 2017 da Genos2 ta 2023, sai Korg Pa5X ta 2022. Kuɗin ɗaya daga cikin waɗannan manyan ya isa ya sayi ƙananan fiye da goma, kuma ba sa zuwa da lasifika a jikinsu, sai ka saya daban. Mai shago ba kasafai yake fara ambaton wannan ba.

Game da sauti, makaɗa da dama na yaba Yamaha da tsabtar amo da sauƙin sarrafawa, su yaba Korg da nauyin ganga da damar da take ba mutum ya sauya kusan komai a cikin salo. Wannan zancen ɗanɗano ne, kunnenka ne zai yanke hukunci. Amma akwai abin dubawa na zahiri: tambayi makaɗa da masu gyara na garinku wace iri suka fi sani. Inda kowa ke riƙe da Yamaha, za ka fi saurin samun mai koya maka, da mai ba ka salo a filashi, da mai gyara. Salon da aka tsara don Yamaha ba ya hawa Korg kai tsaye.

Lambobin da ke ruɗar mutane

Yawan sautuka shi ne babban tarko. Cikin sautuka ɗari shida, makaɗi na gaske da wuya ya yi amfani da ashirin a wajen biki. Saboda haka ka saurari waɗannan ashirin ɗin da kyau: sarewa, goge, jita, bas, ƙaho da ganguna. Sarewa ɗaya mai rai ta fi hamsin masu ƙarar ƙarfe.

Lambar da ta fi muhimmanci, wadda kuma ba a cika tallata ta ba, ita ce yawan amon da na'urar ke iya fitarwa a lokaci guda. E373 tana iya 48, E473 tana iya 64, jerin SX600 zuwa SX900 da Pa700 suna iya 128, Genos ta farko kuma 256. Kana iya cewa yatsu goma ne da kai, me za ka yi da 128? Amsar ita ce salo kansa yana cin nasa rabo, domin a manyan Yamaha salo ɗaya kan ƙunshi sassa har takwas suna kaɗawa tare. Idan ka ɗora goge a kan fiyano, kowane maɓalli ya ci biyu ke nan. Da adadin ya cika, sai na'urar ta riƙa yanke tsofaffin amo don ta ba sababbi wuri, ka ji kiɗa yana ramewa a daidai inda ya kamata ya cika.

Ka kuma duba ko maɓallan suna jin nauyin hannu, wato ka danna a hankali amo ya fito a tausashe, ka buga da ƙarfi ya fito da ƙarfi. Fiyanon da ba ta da wannan ba ta koya wa yaro hannu, sai dai ta ɓata shi.

Ina kalangu, ina kotso?

Ga inda makaɗin Hausa ya kamata ya tsaya ya yi tunani. Salon da ke zuwa daga masana'anta an tsara shi ne don kiɗan Turai da Amurka da Latin, sai ɗan abin da aka tsakuro daga Indiya da ƙasashen Larabawa da wasu sassan Afirka. Kada ka sa ran tarar da kiɗan kalangu ko na asharalle an shirya maka. Don haka tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce: shin wannan fiyano tana karɓar sabon sauti da sabon salo, kuma wurin ajiyarta nawa ne?

A nan ne bambancin farashi ke da ma'ana. SX600 tana da wurin ƙarin sauti na megabait 100, SX700 tana da 400, SX900 kuma gigabait ɗaya. Da manhajar Yamaha Expansion Manager ake shirya sautukan a kwamfuta, a ɗora su ta filashi. Jerin Pa na Korg da Roland E-A7 su ma suna karɓar sautin da ka naɗa da kanka. Ƙananan na masu koyo ba su da irin wannan faɗin. Wanda ke son amon Larabawa, mai faɗowa tsakanin maɓalli da maɓalli, sai ya nemi waɗanda aka yi don hakan, irin su PSR-A5000 ko Pa700 Oriental.

Gwaji a cikin shago

Mai shago zai danna maɓallin waƙar gwaji, ɗaki ya cika da daɗi. Wannan waƙa ƙwararru ne suka tsara ta don ta sayar da kaya, ba hannunka ba ne. Ka ce ya kashe, ka zauna. Bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya daga hagu zuwa dama, fari da baƙi, a hankali sannan da ƙarfi. Idan wani ya yi shiru, ko ya fashe da ƙara alhali taɓa shi kawai ka yi, robar da ke ƙarƙashinsa ta gaji ko ƙura ta shige ta. Murɗa abin ƙara sauti ka ji ko yana ƙarar yashi. Jona abin sauraro na kunne, jona waya zuwa lasifikar waje, sa filashi ka ga ko ta karanta. Dubi allon ko akwai layin da ya mutu. Bar ta a kunne kamar rabin awa, domin wata cutar sai injin ya ɗumama take bayyana.

Juya ta ka dubi takardar da ke ƙasanta mai ɗauke da samfuri da lambar na'ura. Akwai jabu masu suna da ya yi kama da na manyan kamfanoni, an sauya harafi ɗaya ko biyu. Idan ba ka ƙware ba, tafi da makaɗin da ka yarda da shi, ka biya shi kuɗin mota da na wahala. Kada ka tura kuɗi ga wanda ka gani a Facebook ko WhatsApp alhali ba ka taɓa kayan da hannunka ba. Idan farashi ya faɗi ƙasa fiye da hankali, ka tuna araha ba ta ado.

Wuta da ƙura

Wutar Najeriya da Nijar tana tsakanin bolt 220 zuwa 240. Amurka na amfani da 120, Japan kuma 100. Fiyanon gwanjo da ta fito daga can tana iya zuwa da adaftar da ba ta ɗaukar wutarmu, jonawa ɗaya ta ƙone. Karanta abin da aka rubuta a jikin adaftar kafin ka kai ta soket, kuma kada ka maye gurbinta da kowace irin da bakinta ya shiga. A wajen biki, kada ka jona kai tsaye da janareta ba tare da sitabilaiza ba, kuma ka kashe fiyanon kafin a tayar da injin ko a kashe shi. Lokacin hunturu ka rufe ta da zane duk sanda ka gama, kada kuma ka bar ta cikin mota a rana. Salo da saitin da ka sha wahalar haɗawa, ka ajiye kwafinsu a filashi biyu.

Wace ce taka?

Mai koyo, ko uban da zai saya wa ɗansa, E373 ko CT-X700 ta wadatar, ragowar kuɗin a biya malami. Mai zuwa biki da taro ya fara duba daga SX600 ko Pa700 zuwa sama, ya kuma ware kuɗin lasifika da jaka da abin ɗorawa da sitabilaiza tun kafin ciniki. Mai situdiyo da ke haɗa kiɗa a kwamfuta ya tambayi kansa ko yana buƙatar rakiyar salo ma, domin ƙaramin allon maɓallai mai jonuwa da kwamfuta na iya yi masa aikin a kan kuɗi kaɗan. Genos da Pa5X na wanda kiɗa ya riga ya fara biyansa ne. Cin bashi don sayen su da fatan aiki zai zo daga baya ya jefa mutane da yawa cikin sayar da su da asara.

Kafin ka fita kasuwa, rubuta waƙoƙi biyar da za ka riƙa kaɗawa, da wurin da za ka kaɗa su, da iyakar abin da ke aljihunka. Fiyanon da ta iya waɗannan biyar ɗin da kyau a hannunka, kuma akwai mai gyaranta a garinku, ita za ka saya.