Shin Ko Kun San? Leburan Masaƙa da Ya Tsara Bikin Olamfik Har Sau Biyu

Shin ko kun san cewa mutumin da ya tsara bikin buɗe gasar Olamfik ta birnin Beijing a 2008 ya shafe kusan shekara 10 yana aikin ƙarfi kafin ya taka makarantar fim? Zhang Yimou ke nan, haifaffen birnin Xi'an na ƙasar Sin. Mahaifinsa hafsa ne a rundunar Kuomintang da 'yan kwaminis suka kora a 1949, don haka gidansu ba ya cikin masu farin jini wurin hukuma. A zamanin juyin juya halin al'adu an tura shi gona, daga can ya koma masaƙar auduga a Xianyang. Kyamararsa ta farko ma, jininsa ya sayar ya haɗa kuɗinta.

Da aka sake buɗe kwalejin fim ta Beijing a 1978, shekarunsa sun haura ƙa'ida, aka ce masa a'a. Bai haƙura ba. Ya aika wa ministan al'adu hotunan da ya ɗauka, aka karɓe shi. Shekara 10 bayan haka, a 1988, fim ɗinsa na farko a matsayin darakta, Red Sorghum, ya lashe babbar kyautar bikin finafinai na Balin. Wani fim nasa na 1994, To Live, hukumomin ƙasarsa suka hana nuna shi. Su ɗin ne kuma daga baya suka damƙa masa bikin da ya fi kowanne muhimmanci a wurinsu.

Kafin nan ya gwada hannunsa a fili. A 1998 ya shirya wasan waƙe na Turandot a tsohuwar fadar sarakunan Sin da ke Beijing. A 2004 ya mai da kogin Li a Yangshuo dandamali, aka haska duwatsun da ke kewaye, masunta da manoman yankin suka zama 'yan wasa a kan kwale-kwalensu.

Shin ko kun san an fara bikin ne ranar 8 ga watan 8 na 2008, da ƙarfe 8 na dare? Sinawa suna ɗaukar takwas lambar sa'a. A filin wasan da ake kira Sheƙar Tsuntsu, makaɗa 2,008 suka buɗe fage, kowanne da gangarsa mai fitila, hannu na tashi tare yana sauka tare. Wanda ya taɓa tsayawa kallon bikin Gani a Nikki ko a Djougou ya san wuyar da ake sha kafin mahaya, masu kakaki da makaɗa su shigo fili kowa a lokacinsa, alhali aikin gado ne da suka tashi a ciki. To, Zhang mutum kusan 15,000 ya haɗa, da yawansu sojoji, ya koya musu abin da babu wanda ya gada.

Abin da ya fi ɗaure wa masu kallo kai shi ne wasu akwatuna 897 masu siffar tubalan ɗab'i na dā. Suna hawa suna sauka kamar igiyar ruwa, suna zana haruffa, suna fitar da hoton Babbar Ganuwa. Kowa ya ɗauka na'ura ce ke sarrafa su. Sai a ƙarshe murafan suka buɗe, samari suka leƙo suna ɗaga hannu suna dariya. Kowane akwati da mutum a ciki, ba ya ganin na kusa da shi, umarni kawai yake bi da ƙidayar da ya haddace cikin watannin atisaye. A ganina duk daren babu inda gwanintar Zhang ta fito kamar nan, domin ya bar mutane sun gama yaba wa inji kafin ya nuna musu gumin ɗan Adam ne.

Ba komai ne aka gani yadda yake ba. Yarinyar da ta tsaya cikin jar riga tana rera waƙa, Lin Miaoke, muryar wata yarinya ce aka saka mata, Yang Peiyi. Sawun ƙafa 29 na wasan wuta da suka ratsa sararin birnin an harba su da gaske, amma kusan duk hoton da aka nuna a talabijin da kwamfuta aka haɗa shi tun kafin ranar. Mafi ciwo kuwa, Liu Yan, fitacciyar mai rawa da aka ware wa fitowa ita kaɗai, ta faɗo daga dandamali a wurin atisaye kwana 12 kafin biki, ƙafafunta suka shanye. Masu tafi a daren ba su san da labarinta ba.

Shin ko kun san Gini ce ta shigo fili ta biyu, bayan Girka? Ba a bi jerin abacada ba. An ƙirga yawan zanen da ke cikin harafin farko na sunan kowace ƙasa a rubutun Sinanci. Gini Bisau ta biyo ta, Zambiya kuma ta zo dab da ƙarshe, mai masaukin baƙi kaɗai ke bayanta. Daraktan fim Steven Spielberg kuwa, wanda aka ɗauka mai ba da shawara kan bikin, tun watan Fabrairu ya janye saboda rikicin Darfur da alaƙar Sin da gwamnatin Sudan. Wutar gasar kuwa Li Ning ne ya kunna, gwarzon wasan alkafura da ya ci zinare 3 a Los Angeles a 1984, an ɗaure shi da igiya yana gudu a iska ya zagaye bakin rufin filin.

Suna bai kare Zhang daga doka ba: a 2014 an ci shi tarar fiye da yuan miliyan 7 saboda saɓa dokar ƙayyade haihuwa.

Ranar 4 ga Fabrairu 2022 ya dawo Sheƙar Tsuntsu don gasar lokacin sanyi, ya zama darakta na farko da ya tsara bikin buɗe Olamfik na bazara da na hunturu. Wannan karon mutum kusan 3,000 ya yi amfani da su, saboda sanyi da annobar korona, yawancinsu 'yan makaranta da mutanen gari. Babbar tukunyar wuta ma ya soke ta. 'Yan wasa biyu, Dinigeer Yilamujiang 'yar ƙabilar Uigur da Zhao Jiawen, suka soka sandar wutar a tsakiyar wani katafaren hoton ƙwayar dusar ƙanƙara da aka haɗa da allunan sunayen ƙasashen da suka halarta.