Ruwa yana faɗin girman abu

Ƴan'uwa manoma, ku samo kwano ku cika shi da ruwa har baki. Ku aza shi cikin babbar tasa. Sannan ku saka dutse a hankali, har ya nutse duka. Ruwa zai zuba cikin tasa. Ruwan nan da ya zuba, shi ne daidai girman dutsen, domin dutse ya kori ruwa ya zauna wurinsa. Ku ɗura shi cikin kwalbar lita 1. Idan ya kai rabin kwalba, girman dutsen rabin lita ne. Amma abin da yake tasowa sama, kamar ɓawon ƙwarya, sai an danna shi ya nutse.

Wannan dabara tsohuwa ce. An ce wani masani mai suna Arkimidis ya gano ta a tsibirin Sisili, yau fiye da shekara 2200, lokacin da ya shiga ruwan wanka ya ga ruwa ya ɗaga.

To, mu ina ruwanmu? Ruwanmu yana wajen tiya. A kasuwannin Agye, Cadawa, Gazawa da Gidan Rumji, da tiya muke auna hatsi, wake da aya. Tiya kuwa ba duka girmansu ɗaya ba. Wata an buga gindinta ya shiga ciki. Wannan lotsawa tana korar hatsi kamar yadda dutse ya kori ruwa. Wata kuma an buɗa ta, tana cin fiye da ƙa'ida. Da kaka mu sayar da babba, da damina mu saya da ƙarama. Sau biyu ke nan aka ci mu.

Mu yi lissafi. Tiyar hatsi kusan kilo 2 da rabi ce, wato tiya 40 a buhu mai kilo 100. Idan kowace tiya ta rage kwatan lita, a buhu ɗaya an rage lita 10. Ya kai tiya 3, abincin da yara za su ci.

Ido ba ya ganin kwatan lita, amma ruwa yana nuna shi. Ku cika tiyar gidanku da ruwa a wuri mai shafe, ku juye cikin tiyar da kuke shakka. Idan ruwa ya zuba, waccan ƙarama ce. Idan bai kai baki ba, babba ce. A bar tiya ta bushe sarai kafin a mayar da ita cikin hatsi.