Shin Ko Kun San? Yadda Ake Cinikin Wasannin Faɗa da Gasarsu ta Duniya

Duk wanda ya taɓa leƙa gidan gem ya san Scorpion da Sub-Zero, ya san Ryu da Ken. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, waɗannan mayaƙa suna da iyayen gida, kuma hannu suke sauyawa, yau a gaban alƙali, gobe a ofishin yarima. Filinmu na wannan mako ya bi sawun cinikin, daga Chicago zuwa Osaka, daga Las Vegas zuwa Riyadh.

Shin ko kun san mutum huɗu ne kacal suka fara haɗa wasan Mortal Kombat? Ed Boon da John Tobias ne suka jagoranci aikin a kamfanin Midway da ke Chicago ta Amurka, wasan kuma ya fito a 1992. Tun farko sun so jarumin fim Jean-Claude Van Damme ya fito a ciki, amma magana ba ta ƙullu ba, sai suka ƙirƙiri Johnny Cage suna kwaikwayonsa. Sai a 2023, bayan shekara 31, Van Damme ya shiga wasan da fuskarsa da muryarsa.

Shin ko kun san jinin da ke fantsama a Mortal Kombat ya kai wasan har majalisar dattawan Amurka? A watan Disamban 1993 sanatoci Joe Lieberman da Herb Kohl suka kira zaman jin bahasi kan tashin hankali a wasannin bidiyo. Kafin gwamnati ta ɗora musu doka, kamfanonin suka yi wa kansu ƙiyamullaili, suka kafa hukumar ESRB a 1994. Ita ce har yau take manna wa wasanni a Amurka alamar shekarun da suka dace da su.

Shin ko kun san an taɓa sayar da kusan kashi 87 cikin 100 na kamfanin Midway a kan dala dubu 100 kacal? Attajirin nan Sumner Redstone ne ya yi wannan ciniki a ƙarshen 2008, bayan ya zuba ɗaruruwan miliyoyi a kamfanin bai ga riba ba. Bashi ya riga ya yi wa Midway katutu, kuma a Fabrairun 2009 ya je kotu ya bayyana cewa ya karye.

Shin ko kun san kamfanin fina-finai ne ya tsinci dami a kala? A Yulin 2009 Warner Bros. ya sayi akasarin kadarorin Midway, har da Mortal Kombat, a kan kimanin dala miliyan 33. Ya riƙe Ed Boon da ma'aikatansa a Chicago, ya raɗa wa gidan sabon suna, NetherRealm, a 2010. Wasa ɗaya daga cikin waɗanda suka fitar bayan nan, Mortal Kombat 11 na 2019, ya sayar da kwafi sama da miliyan 15.

Shin ko kun san jerin duka marar yankewa, wanda shi ne gishirin wasannin faɗa a yau, ba da gangan aka shirya shi ba? Lokacin da Capcom na Japan ke haɗa Street Fighter II, wanda ya fito a 1991, masu aikin sun so su sauƙaƙa wa ɗan wasa fitar da dabarun musamman. Sai suka lura cewa gyaran ya ba da damar katse duka ɗaya a ɗora wani a kansa kafin abokin karawa ya farfaɗo. Suka ƙyale shi a haka, suna ganin abin zai yi wuyar gwanancewa. 'Yan wasa suka gano shi, suka mai da shi sana'a.

Shin ko kun san mutumin da ya jagoranci Street Fighter na farko a 1987 shi ne ya koma gidan kishiya ya haifi Fatal Fury? Takashi Nishiyama ya bar Capcom ya shiga SNK, wani kamfanin Osaka, inda Fatal Fury ya fito a 1991. Daga wannan gida ne kuma aka samu Samurai Shodown a 1993 da The King of Fighters a 1994. Akwatin wasan SNK mai suna Neo Geo yana ɗaukar wasanni da yawa a lokaci guda, don haka ya fi sauƙin kuɗi ga masu ƙananan shaguna. Wannan na cikin dalilan da suka sa The King of Fighters ya yi jijiya a Meziko da Sin.

Shin ko kun san SNK ya zaga hannun ƙasashe uku? A 2000 kamfanin Aruze, mai ƙera injinan caca a Japan, ya saye shi. A 2001 SNK ya durƙushe, sai wanda ya kafa shi, Eikichi Kawasaki, ya buɗe wani kamfani mai suna Playmore ya fanso wasanninsa. A 2015 masu zuba jari daga Sin suka sayi fiye da kashi 80 cikin 100 a kan kimanin dala miliyan 63 da rabi. Sannan Larabawa suka shigo kasuwar.

Shin ko kun san yanzu Saudiyya ce uwar ɗakin The King of Fighters? A Nuwamban 2020 gidauniyar MiSK, wadda Yarima Muhammad bin Salman ya kafa, ta sanar da sayen sulusin hannun jarin SNK a kan riyal miliyan 813. Zuwa 2022 rabonta ya kai kashi 96 cikin 100. Ofis yana nan a Osaka, ma'aikata Japanawa ne, amma mabuɗin taska yana Riyadh.

Shin ko kun san Cristiano Ronaldo ɗan dambe ne a wasan bidiyo? A Afrilun 2025 SNK ya fitar da Fatal Fury: City of the Wolves, na farko a wannan jeri tun 1999, kuma a cikin mayaƙan har da Ronaldo, yana kai hari da ƙwallo. Wanda ya san cewa tun 2023 yake taka leda a Al-Nassr ta Riyadh ba zai yi mamaki ba. Masoyan wasan sun rabu biyu: wasu suka ce talla ce mai kyau, wasu suka ce sabon maigida ne yake nuna ikonsa.

Shin ko kun san babbar gasar wasannin faɗa ta duniya ta fara ne da mutum 40? A 1996 tagwaye Tom da Tony Cannon da abokansu suka tara gwanaye a wani gidan wasa da ke Sunnyvale ta jihar California, domin a daina cika baki a intanet, a zo a gwada ƙwanji ido da ido. A 2002 taron ya koma Evo, a 2005 ya tare a Las Vegas. Har yau ƙa'idarsa ba ta sauya ba: kowa na iya biyan kuɗin rajista ya shiga, ko sabon shiga ko zakaran duniya. A 2023 sama da mutum 7,000 suka yi rajistar Street Fighter 6 kaɗai.

Shin ko kun san karawar da ta fi shahara a tarihin Evo ba ta kai mai ita ga kofi ba? A 2004 Daigo Umehara na Japan ya kara da Justin Wong na Amurka a Street Fighter III. Saura ƙiris ran mayaƙin Daigo ya ƙare, ta yadda ko kare kai ya yi zai faɗi, sai Justin ya sako masa hari mai shuri 15 a jere. Mafita ɗaya ce ta rage: ya ture kowane shuri a daidai ƙiftawar da ya iso, ba gaba ba baya. Ya ture duka 15, ya rama, ya ci. Ɗakin ya kaure da ihu, bidiyon ya zaga duniya. Amma a karawar ƙarshe wani ɗan Japan da ake kira KO ya doke shi.

Shin ko kun san ita ma gasar Evo an sayar da ita? Annobar korona ta hana taron 2020, wanda aka shirya yi ta intanet kuma aka soke shi bayan zarge-zargen da suka taso a kan shugabanta na lokacin. A Maris ɗin 2021 Sony, mai PlayStation, da wani kamfani mai suna RTS suka saye ta tare. A Agustan 2025 Sony ya sayar da rabonsa ga Nodwin Gaming na Indiya, ba a jima ba kuma Qiddiya ta Saudiyya ta sayi RTS.

Shin ko kun san a nan wasan bidiyo ya sha bamban da ƙwallon ƙafa ko dambenmu na gargajiya? Babu wanda ya mallaki dambe, duk garin da ya ga dama sai ya share fili ya kira makaɗa. Wasan bidiyo kuwa dukiyar kamfani ce, kuma babbar gasa ba ta yiwuwa sai da yardarsa. A 2013 Nintendo ya nemi hana Evo nuna wasansa na Super Smash Bros. kai tsaye, sai da jama'a suka yi ca sannan ya janye cikin sa'o'i. A 2022, shekara guda bayan kishiyarsa Sony ta shigo, ya ɗauke wasan daga Evo baki ɗaya. Shi ya sa 'yan wasa ke kasa kunne duk lokacin da aka ce an yi ciniki.

Shin ko kun san ɗaya daga cikin tagwayen Evo ne ya magance matsalar jinkirin intanet? Wasan faɗa yana gudu ne da hoto 60 a kowace daƙiƙa, jinkirin hoto uku ko huɗu kuma ya isa ya ɓata dabara. A wajen 2006 Tony Cannon ya ƙirƙiro manhajar GGPO. Na'urarka ba ta jiran saƙon abokin karawa, sai ta yi hasashen abin da zai danna ta ci gaba. In hasashen ya kuskure, ta koma baya ta gyara cikin sauri, sau da yawa ido bai ma gani ba. Yau manyan wasannin faɗa kusan duk wannan dabara suke bi.

Shin ko kun san ana cin dala miliyan ɗaya a wasan faɗa? A Fabrairun 2024 wani ɗan Taiwan da ake kira Uma ya lashe wannan kuɗi a gasar Capcom Cup. A Maris ɗin 2025 Kakeru na Japan ya ci irinsa a Ryogoku Kokugikan, babban zauren kokawar sumo na Tokyo, kuma wanda ya zo na biyu yaro ne ɗan shekara 15 daga ƙasar Chile mai suna Blaz. Shi kuwa SNK, da ƙarfin sabon maigida, ya sa dala miliyan ɗaya da rabi ga zakaran Fatal Fury na 2025.

Shin ko kun san Saudiyya ba a wasan faɗa kaɗai ta tsaya ba? A 2022 kamfanin Savvy, na asusun zuba jarin gwamnatin ƙasar, ya sayi ESL da FACEIT, manyan masu shirya gasa, a kan dala biliyan ɗaya da rabi, asusun kuma ya mallaki sama da kashi 5 cikin 100 na Capcom. A 2024 aka buɗe gasar cin kofin duniya ta wasannin bidiyo a Riyadh da kyautar sama da dala miliyan 60, a 2025 ta haura miliyan 70. Gwamnati ta ce tana neman rage dogaro da man fetur ne da samar wa matasa aiki. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam kuwa sun ce ana wanke suna ne da wasanni, kuma akwai 'yan wasan da suka ƙaurace wa gasar saboda haka.

Shin ko kun san duk da wannan ruwan kuɗi, zakaru kan fito daga inda ba a zata ba? A 2017 MenaRD, ɗan shekara 18 daga Jamhuriyar Dominika, ya doke gwarzon Japan Tokido ya ci dala dubu 250, ya kuma zuba wani kaso wajen raya wasan a ƙasarsu. A 2023 AngryBird, mazaunin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ya zama zakaran Street Fighter 6 a Evo. A shekarar dai Kim Gwan-woo na Koriya ta Kudu ya ci zinare a Street Fighter V a wasannin nahiyar Asiya da aka yi a Hangzhou, yana ɗan shekara 44.

Shin ko kun san Pakistan ce ta girgiza duniyar Tekken? Shekara da shekaru Koriya ta Kudu da Japan ke juya wannan wasa. A Fabrairun 2019 Arslan Ash, matashi daga Lahore, ya sha wahalar biza da sauye-sauyen jirgi, ya isa Fukuoka gab da a fara, ya kuma ɗauke kofin Evo na Japan. A Agusta ya je Las Vegas ya doke Knee, gwarzon Koriya, a karawar ƙarshe. Da aka tambaye shi, ya nuna cewa a gida akwai gwanaye da dama irinsa, rashin biza da kuɗin tafiya ne ya ɓoye su. Knee bai tsaya musu ba, ya hau jirgi ya je Pakistan ya yi atisaye da su. A 2023 tawagar Pakistan ta mutum uku ta lashe gasar Tekken ta ƙasa da ƙasa a Riyadh, shi kuma Arslan ya sake cin Evo a 2023 da 2024 da 2025.