Tsakanin Sauri da Ingancin Hoto: Matsalar Karanta Rubutun Ajami a Fuskar Waya a Ƙasar Gobir

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu yi bayanin wata matsala da ke fuskantar masu nazarin rubuce-rubucen Ajami, musamman waɗanda ke gidajen malamai a Sabon Birni da Isa. Kamar yadda mahalarta suka sani, rashin tsaro ya sa zuwa wannan yanki ya yi wuya, har ma a watan Satumba na 2021 aka rufe hanyoyin sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, ciki har da waɗannan biyu. Saboda haka mai bincike yakan dogara ga hoton da wani ya ɗauka da waya ya aiko masa. To, a nan ne ake samun ja-in-ja tsakanin abu biyu, wato saurin isowar hoto da kuma ingancinsa idan ya bayyana a fuskar waya.

2.0 Yadda Hoto Yake Bayyana

Kowane hoto na na'ura tarin ƙananan ƙwayoyin haske ne. Hoton da yake da ƙwaya 4,000 a tsawo da 3,000 a faɗi yana ɗauke da ƙwaya miliyan 12, nauyinsa kuwa kimanin megabait 36 ne idan ba a matse shi ba. Amma fuskar waya mai ƙwaya 720 a faɗi da 1,600 a tsawo ba ta iya nuna abin da ya kai miliyan ɗaya da rabi a lokaci guda. Ke nan tilas ne na'ura ta zubar da wani abu kafin ta nuna hoton.

Bari mu yi ɗan lissafi. Idan an matse hoton ya koma megabait 3, kuma sabis yana tafiya da kilobit 100 a daƙiƙa, sai an yi minti 4 kafin shafi ɗaya ya iso. Idan kuwa aka ƙara matse shi zuwa kilobait 150, daƙiƙa 12 ta isa. Ga mai littafi na shafi 60, bambancin shi ne awa 3 da minti 48, don haka ba abin mamaki ba ne mai aikowa ya zaɓi sauri.

3.0 Abin da Matsewa Take Cinyewa

Tsarin JPEG, wanda aka tabbatar a 1992, yana yanka hoto gida-gida, kowane gida ƙwaya 8 sau 8, sannan ya rage ƙananan bayanai waɗanda ake ganin ido ba zai lura da su ba. Haka kuma yakan rage bayanin launi fiye da na haske. Wannan dabara ta dace da hoton mutum ko na kasuwa, amma ga Ajami illa ce, domin ma'ana tana rataye ne a kan ƙananan alamomi.

Ɗigo biyu a kan baƙi shi ne ta, ɗigo uku kuwa shi ne ca. Idan suka cuɗe, sai tara ta koma cara. A rubutunmu na Magaribi, fa tana da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗaya a sama. Idan ɗigon ya dushe, ba za a tantance fara da ƙara ba. Bugu da ƙari, a littattafai da yawa da jar tawada ake sa wasulla, kuma tun da launi ne ya fi shan ragi, wasullan ne suke fara dusashewa. Wanda ya rasa wasali kuwa yana iya kasa tantance kalmar da aka rubuta.

Wannan haɗari bai tsaya ga Ajami ba. A 2013 wani Bajamushe, David Kriesel, ya gano cewa wasu injunan kwafe takardu na Xerox suna musanya lamba 6 da 8 saboda irin matsewar da suke yi, alhali takardar tana fitowa tsaf.

4.0 Hanyar Daidaitawa

A ganinmu, ma'aunin inganci shi ne mafi ƙanƙantar alamar da ke ɗauke da ma'ana. Muddin ta tsira, a ci gaba da matsewa. Da zarar ta fara dushewa, a tsaya. Bisa wannan muke ba da shawarwari huɗu.

Na farko, a riƙa ajiye kwafi biyu: na asali wanda ba a taɓa shi ba, da kuma mara nauyi don dubawa ta farko. Na biyu, shafin da za a dogara da shi wajen fassara ko juyawa zuwa boko a aiko shi ta WhatsApp a matsayin takarda, domin ta nan ba a sake matse shi. Na uku, idan rubutun ƙanana ne, a ɗauki shafi rabi-rabi a cikin hasken rana, kowane rabi ya cika hoton. Na huɗu, cibiyoyin adana tarihi su yi koyi da manyan ɗakunan karatu na duniya, waɗanda ke fara nuna shafi mara nauyi, sai mai karatu ya buɗa wani wuri kafin a sauko da cikakken bayanin wannan wurin kaɗai.

5.0 Kammalawa

Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Takardar da ke gidan malami a Isa ko Sabon Birni tana iya salwanta ta hanyar gara ko gobara ko gudun hijira, hoton da aka aiko ya zama shi ne kaɗai shaidar da ta rage. Don haka muna roƙon 'yan'uwa malamai, duk wanda ya kafa hujja da irin wannan hoto, ya bayyana yadda aka ɗauke shi da yadda ya iso hannunsa, kamar yadda magabata suke ambaton wanda suka kwafo littafi daga gare shi. Allah ya sa mu dace.