Alƙalamin Feshi da Kwamfuresa: Abin da Zan Saya Da Yau Zan Fara

Sojan da ya sa na nemi alƙalamin feshi tsawonsa bai wuce santimita 5 ba. Na roba ne, daga cikin kwalin Tamiya, kamfanin nan na garin Shizuoka a Japan, a ma'aunin 1/35, wato an ɗauki tsawon mutum an raba shi gida 35. Na liƙa shi a kan murfin kwalbar lemo don in samu mariƙi, na zauna da burushin gashi ina shafa wa rigarsa koren fenti. Sai da na shafa sau uku launin ya kama. Da na kai shi bakin taga, sai na ga aljihun rigar ya shafe, maɓallai sun nutse, sawun burushi ya kwanta a gadon bayansa kamar kunyoyin gona. Wani gwani ya zauna ya sassaƙa kowace lanƙwasa ta wannan tufa, ni kuma na binne aikinsa da fenti. Abin ya tsaya mini a rai kwana da kwanaki.

Alƙalamin feshi, wanda masu sana'a ke kira eyaburosh, ƙanin bindigar fentin da ake gani a garejin masu fentin mota ne, sai dai girmansa bai fi biro mai kauri ba. Iska na tasowa daga kwamfuresa, ta bi tiyo, ta wuce ta nozul, wato ɗan bakin alƙalamin, da gudu, ta zuƙo fenti ta watsa shi kamar hazo. A cikin nozul ɗin akwai doguwar allura mai tsini da ke toshe hanya. Gwargwadon yadda ka ja ta baya, gwargwadon fentin da zai fito. Tsohuwar fasaha ce, domin kamfanin Paasche na birnin Shikago a Amurka tun 1904 yake ƙera shi. A garuruwanmu yau, a hannun masu ƙawata kek da masu kwalliyar amare aka fi ganinsa.

Na farko da na saya, wani ɗan saiti ne mai araha da aka aiko mini ta intanet, alƙalami da kwamfuresa mai girman tafin hannu duk a kwali guda. Na zaɓi nozul mai faɗin milimita 0.2, a tunanina ƙaramin soja sai ƙaramin baki. Nan na yi babban kuskure. Fentin akirilik, wanda mafi yawanmu ke amfani da shi don ana wanke shi da ruwa, yana da ƙwayoyin launi a ciki, kuma yana bushewa da sauri. A ƙaramin baki irin wannan, minti biyu ba na yi sai ya toshe. In tsaya in goge, in sake, ya tofa wa sojan ɗigon fenti a fuska. Kwamfuresar kuma ba ta da tanki, iskarta na zuwa ne da bugun injin, fut-fut-fut, layin da na ja a takarda ya fito a kakkarye. Bayan minti goma ta yi zafin da ba a iya taɓa ta. Wata uku saitin ya yi a ƙarƙashin gado, na ɗauka hannuna ne bai iya ba.

Wanda zai fara yau, ina ce masa ya nemi nozul tsakanin milimita 0.3 da 0.5. Iwata Eclipse HP-CS na Japan yana zuwa da 0.35, Badger Patriot 105 na Amurka da 0.5, kamfanin Harder & Steenbeck na Jamus kuma yana da samfurin Ultra da aka yi don masu koyo. Ni Eclipse ɗin na koma, kuma da shi nake aiki har yau. Dalilin da ya sa matsakaicin baki ya wadatar shi ne, ba da alƙalamin feshi ake zana ido ko gira ko maɗaurin bindiga ba. Waɗannan aikin burushin gashi ne, ko a hannun manyan gwanaye. Aikin feshi shi ne shimfiɗar farko, da babban launin tufa, da inuwa, da man kariya na ƙarshe. Duk waɗannan suna son bakin da fenti zai wuce ba gardama.

Abu biyu kuma nake dubawa a jikin alƙalamin. Ƙoƙon fenti ya kasance a sama, don fenti ya gangaro da nauyinsa. Irin wannan yana aiki da iska kaɗan, kuma ɗigo biyar ko shida ya ishi soja guda. Mai kwalba a ƙasa na masu fesa riguna da allunan talla ne, yana cin fenti, wankinsa ma aiki ne. Sannan kunamar ta zama mai aiki biyu: ka danna ƙasa iska ta fito, ka ja baya fenti ya biyo. Akwai mai aiki ɗaya, wanda iska da fenti ke fitowa tare, ya fi sauƙi a ranar farko, amma cikin wata guda za ka ji ya takura ka. Ƙa'idar yatsa ita ce iska ta riga fenti fitowa, fenti kuma ya riga iska tsayawa. Mako guda na yi ina ɗiga ɗigo da jan layi a tsohuwar jarida kafin yatsana ya haddace wannan.

In kuɗi ba su kai a sayi komai mai kyau lokaci guda ba, ni a ganina kwamfuresa ce ta fi cancantar kaso mai tsoka. Alƙalami mai rangwame yana iya koya maka aiki in iskarsa a daidaice take, amma ko na Jamus ka riƙa, in iska na rawa, fenti zai yi rawa. Wadda na fi yarda da ita ga mai farawa ita ce irin da ake kira AS186, da ake ƙerawa a Sin ana sayarwa da sunaye iri-iri. Tana da tankin lita 3, ba ta cin mai, kuma in tankin ya cika ta kashe kanta, sai iska ta ragu ta sake tashi. Wannan hutun ne ke hana ta zafi, tankin kuma shi ke shanye bugun injin, iska ta iso hannu a miƙe. Ƙararta ba ta hana na ɗakin kusa barci. Wutar da take ja ba ta kai wat 200 ba, don haka ƙaramin janareta ko inbata na ɗaukarta. Ko an ɗauke wuta ana tsakiyar feshi, iskar tanki takan ishe ni in zubar da fenti in kuskure alƙalamin kafin ya bushe a ciki.

A duba kwamfuresar ta zo da agogon iska da makunnin ragewa. Mai faci yana sa wa tayar ƙaramar mota iska 30 zuwa 35 a ma'aunin PSI. Mu 15 zuwa 25 muke aiki da shi, ni galibi a 18 nake tsayawa. A duba kuma lantarkinta. Wutarmu ta Nijeriya da Nijar mai ƙarfin 220 zuwa 230 ce, ta Amurka 120, in ɗan'uwa ya kawo maka tsarabar kwamfuresa daga can ka jona kai tsaye, ta ƙone. Haka zaren bakin tiyo: yawancin alƙaluma suna amfani da na 1/8, Badger nasa daban ne, sai da ɗan mahaɗi.

Sai yanayi, wanda takardar cikin kwali ba ta san da namu ba. A ƙasan makunnin iska akwai wata 'yar kwalba mai tare ruwa. Da damina, musamman a Agusta, ina ganin raɓa na taruwa a cikinta, domin iska mai laima in aka matse ta ruwa take fitarwa. In ba a zubar ba, ɗigo guda ya bi tiyo ya faɗa kan fentin da bai bushe ba, ya bar tabo. Ƙarƙashin tankin ma akwai 'yar ƙusa da ake kwancewa ruwa ya fita, don kada tsatsa ta ci shi daga ciki. Da hunturu kuwa matsalar ta juye. Busasshiyar iskar Kano a Janairu tana busar da fenti a tsinin allura, wani lokaci ma tun yana cikin iska, ya sauka a jikin soja da kaushi kamar yashi. A lokacin nakan ƙara tina, wato ruwan tsinka fenti, in sa ɗigo guda na ruwan da ke jinkirta bushewa, in matso da hannu kusa, in ajiye auduga mai laima a gefe ina share tsinin allurar a hankali. Ƙura kuma sai an kifa kwano a kan aikin da zarar an gama.

Kaurin fenti shi ne abin da ya fi ɗaukar ni lokaci. Ana so ya yi ruwa kamar madarar shanu da ba ta yi tsami ba, in ka shafa a jikin ƙoƙo ya gangara ya bar ɗan launi. Vallejo na Sifen suna da jerin Model Air da aka riga aka tsinka. Fentin Tamiya kuwa da tinarsa X-20A nake haɗawa, kusan rabi da rabi. Kuma kada a yi feshi a rufaffen ɗaki. Hazon da ba ka gani huhunka yake shiga, ko na ruwa ne. A buɗe taga, a sa takunkumi mai matata, a nisanta yara.

Sojan nan na farko, daga baya na jiƙa shi a sifirit na goge tsohon fentin da buroshin haƙori. Na fesa masa baƙi gaba ɗaya, sannan na ɗaga alƙalamin sama da kansa na sauko da fari kaɗan, kamar yadda rana ke dukan mutum da azahar. Kafaɗu da hula suka yi haske, ƙarƙashin hannu da lanƙwasar wando suka riƙe duhunsu. Na bi da kore mai ruwa-ruwa sau biyu, siriri yadda hasken da inuwar ke leƙowa ta ƙarƙashi. Da na kai shi bakin tagar nan, aljihun rigar ya fito da murfinsa, har da maɓallin da ke tsakiya, wanda bai kai kan allura girma ba.