Bashin Kulob ɗin Paris da Yadda Najeriya Ta Sauke Shi

A ƙarshen 2004 bashin waje da ake bin Najeriya ya kusa dala biliyan 36, kuma kimanin biliyan 30 daga ciki na Kulob ɗin Paris ne. Wannan kulob zama ne na gwamnatoci masu ba da rance, wanda aka fara a 1956, inda suke yanke shawara kan ƙasar da biya ya gagare ta. Birtaniya ce ta fi kowa bin Najeriya, sai Faransa da Jamus.

Tushen matsalar yana cikin shekarun arzikin man fetur. A 1978 gwamnatin soja ta ciwo rancen dala biliyan 1 daga bankunan waje, sannan a zamanin Shehu Shagari gwamnatin tarayya da jihohi suka ci gaba da ciwo bashi. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, kuɗin waje ya yi ƙaranci, aka kasa biyan kayan da aka shigo da su. Hukumomin da suka tsaya wa 'yan kasuwar Turai da Japan suka biya su, bashin ya koma tsakanin gwamnati da gwamnati.

An sake tsara biya a 1986, 1989, 1991 da 2000, amma ɗage wa'adi ba ya rage bashi. A shekarun 1990, lokacin da dangantaka ta yi tsami tsakanin gwamnatin Sani Abacha da ƙasashen Yamma, abin da ake biya bai kai abin da ake nema ba, ruwa da tara suka riƙa hawa kan uwar kuɗi. Babban kaso na abin da aka nema a 2005 wannan tarin ne, ba kuɗin da ya shigo ƙasar ba. Nan ne ƙorafin 'yan Najeriya yake da ƙarfi, kuma suna da gaskiya.

Gwamnatin Olusegun Obasanjo ta fara da gyaran gida. A 2000 ta kafa Ofishin Kula da Basussuka a Abuja, domin kafin nan bayanan bashi a warwatse suke tsakanin ma'aikatu. Ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala da shugaban ofishin, Mansur Muhtar, su suka jagoranci tattaunawa da kulob ɗin kan rage bashin. Masu bin bashi sun kafe cewa ƙasa mai fetur ba ta cancanci yafiya ba. Wakilan Najeriya suka nuna cewa idan aka raba kuɗin man da yawan jama'a, abin da kowa zai samu bai taka kara ya karya ba. A 2005 Majalisar Wakilai ta nemi a daina biya gaba ɗaya, matakin da ya ƙara wa masu tattaunawa ƙarfi. Asusun Ba da Lamuni na Duniya kuma ya amince ya sa ido kan shirin tattalin arzikin ƙasar ba tare da ba ta sabon rance ba, sharaɗin da kulob ɗin ke buƙata.

A watan Oktoba 2005 aka cimma yarjejeniya: an yafe dala biliyan 18, Najeriya ta biya biliyan 12.4 daga rarar kuɗin mai da ta tara, ta kammala a Afrilu 2006. Wasu sun soki fitar da wannan kuɗi a dunƙule daga ƙasar da asibitocinta ba su da magani. Wannan suka ce mai nauyi, sai dai barin bashin yana nufin ci gaba da biyan ruwa ba iyaka. Daga kuɗin da a da ke tafiya wajen biyan bashin, an ware kimanin dala biliyan 1 a shekara don lafiya, ilimi da ruwan sha, ƙarƙashin ofishin da Amina Mohammed ta riƙe.

Sauƙin bai daɗe ba. A 2011 Najeriya ta fara sayar da takardun lamuni a kasuwannin duniya, sannan rance daga Bankin Duniya da ƙasar Sin ya ƙaru. Zuwa ƙarshen 2022 bashin waje ya haura dala biliyan 40, kuma kaso mai yawa na hannun masu zuba jari da manyan bankunan raya ƙasa, waɗanda Kulob ɗin Paris ba shi da ikon yafe bashin da suke bi.