Masu Amsa Kiran Gaggawa a Amurka: Su Wane Ne, Nawa Kuma Ake Biyansu?

Duk wanda musiba ta aukar wa a ƙasar Amurka, ko gobara ce ta tashi masa cikin dare, ko ɓarawo ya hauro masa gida, ko kuwa zuciyar dattijon gidan ce ta tsaya farat ɗaya, to, kafin ya ga ɗan sanda, kafin ya ji jiniyar 'yan kwana-kwana ko ta motar asibiti, sai ya fara yin magana da wani bawan Allah wanda bai taɓa gani ba, ba kuwa zai gan shi ba har abada, wanda ke zaune a wani ɗaki gaban allunan kwamfuta, yana jiran mai buga lamba 911. Ƙungiyar ma'aikatan wannan fanni ta ƙiyasta cewa ana buga wannan lamba kimanin sau miliyan 240 a shekara, wato fiye da kira 650,000 ke nan kowace rana ta Allah. Waɗanda ke ɗauke da wannan nauyi kuwa, bisa lissafin ofishin ƙididdigar ƙwadago na gwamnatin ƙasar, mutum wajen 100,000 ne kacal, a warwatse cikin cibiyoyi kusan 6,000, galibinsu ƙarƙashin hukumomin birane da na gundumomi. Tun da yake mu ma a Nijeriya an kafa lamba 112 domin irin wannan buƙata, ya cancanta mu san halin da mutanen da suka riga mu shiga aikin suke ciki.

Abu na farko da mai nazari zai lura da shi game da wannan jama'a shi ne mata ne suka fi rinjaye a cikinta, rinjaye kuwa mai yawa, alhali sauran ma'aikatan ceto na ƙasar akasin haka suke: a cikin 'yan sandan birane mata ba su wuce kashi 14 cikin 100 ba, a cikin 'yan kwana-kwana masu cin albashi kuwa wajen kashi 5 ne. Ashe ke nan a mafi yawan lokuta muryar mace ce ke tura maza zuwa bakin wuta. A shekarar 2012 wasu masu bincike biyu na wata jami'a a arewacin jihar Ilinoi, Heather Pierce da Michelle Lilly, suka tattara bayanan ma'aikata 171 daga jihohi 24, suka tarar mafi yawansu mata ne farar fata, shekarunsu na haihuwa bisa matsakaicin lissafi 38, sun kuma yi shekara 11 da ɗoriya a bakin aiki. Ba a neman digiri kafin a ɗauki mutum. Takardar gama sakandare ta wadatar, tare da saurin buga rubutu, da tsabtar tarihi daga laifi, da horon da cibiyar za ta ba shi da kanta. Saboda haka aikin ya zama wata ƙofa ta shiga hidimar gwamnati ga 'ya'yan talakawa, musamman matan ƙananan garuruwa waɗanda ba su sami halin zuwa jami'a ba.

Wannan rinjaye na mata yana da asali, asalin nasa kuwa ya girmi lambar 911 da shekara casa'in. Sa'ad da aka fara kafa ofisoshin tarho a Amurka, samari aka ɗauka su riƙa haɗa mai kira da wanda yake nema, sai aka same su da rashin haƙuri da gatsali ga jama'a. A ranar 1 ga Satumba 1878 wani kamfani a birnin Boston ya ɗauki wata mata mai suna Emma Nutt, aka ga ladabinta da natsuwarta sun gamsar, kafin a jima aikin haɗa waya ya koma hannun mata kusan ɗungum, kamfanoni kuwa suka yi murna da haka, domin a wancan zamani ladan mace bai kai na namiji ba. Shekara da shekaru, wanda gidansa ya kama wuta sifiri yake bugawa, mai haɗa waya ta nemo masa 'yan kwana-kwana. Ingila ce ta fara ware lamba ta musamman, wato 999, a birnin Landan cikin 1937, bayan wata gobara ta 1935 da ta ci rayukan mata biyar. Amurka ba ta bi sahu ba sai ranar 16 ga Fabrairu 1968, ran da aka buga 911 karo na farko a wani ƙaramin gari mai suna Haleyville a jihar Alabama. Da al'amarin ya bunƙasa, hukumomi suka ga asara ce a zaunar da ɗan sanda mai kaki da bindiga a bakin tarho, suka mayar da shi titi, suka cike gurbinsa da farar hula masu araha, waɗanda aka rubuta su a littafin albashi a sahun akawuna.

A farkon zamanin ana iya cewa wannan hukunci yana da hujja, gama aikin bai wuce a karɓi adireshi a miƙa wa mai mota ba. Amma daga ƙarshen shekarun 1970, lokacin da wani likita a birnin Salt Lake, Jeff Clawson, ya tsara jerin tambayoyi da umarnin da mai amsa kira zai bi domin ya gane girman ciwo, ya kuma koya wa mai kiran abin da zai yi kafin taimako ya iso, sai aikin ya sake kama baki ɗaya. A yau mai amsa kira ita ce ke ƙirga wa matar da mijinta ya faɗi yadda za ta riƙa danna masa ƙirji, ita ce ke gaya wa uba yadda zai karɓi haihuwa a gefen hanya, ita ce ke lallashin wanda ya yanke ƙauna daga rayuwa har a kai gare shi, tana yin haka kuwa alhali hannunta na rubutu, kunnenta ɗaya na kan rediyon 'yan sanda, idonta na kan taswira, sabili da yawancin kira yanzu daga wayar hannu yake zuwa, mai kiran kuma sau da yawa bai san inda yake tsaye ba. Likitocin zuciya sun tabbatar cewa wanda zuciyarsa ta tsaya, kowane minti da ya shuɗe ba a danna masa ƙirji ba yana rage begen tsirarsa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Ƙa'idar aikin kuma ta shar'anta a amsa kashi 90 cikin 100 na kira cikin daƙiƙa 15. Malamanmu sun sanya kiyaye rai cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin tsare su, sun kuma ce ceton wanda ke bakin halaka farilla ce a kan jama'a wadda idan wasu suka tsayu da ita ta sauka daga wuyan saura. Waɗannan mata su ne suka ɗauke wa al'ummarsu sashe mai girma na wannan farilla, dare da rana, ran aiki da ran hutu.

To, nawa ake biyansu? A lissafin watan Mayu 2023, idan aka jera ma'aikatan daga mai ƙaramin albashi zuwa mai babba, na tsakiyarsu yana samun kimanin dala 49,000 a shekara. Kada mai karatu ya yi gaggawar juya kuɗin nan zuwa naira ko sefa ya ce ai waɗannan attajirai ne, domin kuɗin haya da na inshorar lafiya da na renon yara a can suna lashe albashi tun bai shiga aljihu ba. Ma'aunin da ya dace shi ne a gwada su da abokan aikinsu: a wannan shekarar ɗan kwana-kwana na tsakiya yana samun wajen dala 57,000, ɗan sandan sintiri kuwa wajen 72,000, wato ya ɗara mai tura shi aiki da fiye da dala 23,000. Adalci ya wajabta a faɗi cewa albashin masu amsa kira ya yi daidai da na tsakiyar ma'aikatan ƙasar gaba ɗaya, wanda yake wajen dala 48,000, kuma ƙananan ma'aikatan motar asibiti, da ke samun wajen 39,000, sun fi su shan wuya. Sai dai adadi na tsakiya yana ɓoye bambanci mai tsanani, gama kowace gunduma ita ke yanka wa nata ma'aikata lada gwargwadon ƙarfin baitulmalinta: manyan biranen Kalifoniya suna biya da kyau, a karkarar jihohin kudu irin su Misisifi da Arkansas kuwa akwai inda ladan bai fi na mai jiran kanti da wani abin kirki ba, ga shi kuwa kukan uwar da ɗanta ya daina numfashi iri ɗaya ne a wuraren biyu.

Abin da ba ya fitowa a takardar albashi shi ne abin da aikin ke ci a jikin mai yinsa. Ana zaman sa'a 8, ko 10, ko 12 a jere, a wasu wurare har kwana da yini. Kuma da yake ba a rufe cibiya, in wanda zai karɓe ka bai zo ba, tilas ka zarce. Binciken nan na 2012 ya nuna cewa kiran da ya fi tsaya wa ma'aikatan a rai shi ne na mutuwar yaro ko jikkatarsa ba zato, sa'an nan na masu niyyar kashe kansu, ya kuma nuna cewa ciwon firgicin da aka sani ga sojoji da waɗanda suka ga bala'i da idonsu yana iya kama wanda ya ji bala'in da kunne kawai. A ganina mafi nauyin al'amarin shi ne rashin sanin ƙarshen labari: da zarar motar asibiti ta iso sai waya ta katse, wani kiran ya shigo, ita kuwa ta koma gida da asuba ba ta san ko yaron ya rayu ba.

Sakamakon haka bai ɓuya ba. Wani bincike da ƙungiyoyin fannin suka fitar a 2023, wanda ya shafi cibiyoyi fiye da 700, ya nuna cewa tsakanin 2019 da 2022 kimanin kujera ɗaya cikin kowace huɗu babu kowa a kanta; wani kuma na wannan shekarar ya ce kashi 82 cikin 100 na cibiyoyi suna fama da ƙarancin ma'aikata. Horar da sabon ɗauka yakan ci watanni masu yawa, da dama kuma sukan ajiye aikin tun ba su gama koyo ba, sai nauyin ya koma kan tsofaffin hannu, su ma gajiya ta kore su. Wanda ke biyan diyyar wannan a ƙarshe shi ne mai kira, wanda zai ji na'ura tana ce masa ya dakata.

Akwai kuma mas'alar harshe, wadda ita ce ta fito da fitacciyar mai kare haƙƙin waɗannan ma'aikata. Norma Torres, haifaffiyar Gwatamala wadda aka kawo Amurka tana ƙaramar yarinya, ta yi shekara 17 tana amsa kira a rundunar 'yan sandan Los Anjalis. Kamar yadda ita kanta take ba da labari, wani dare wata yarinya 'yar shekara 11 mai jin Sifaniyanci kaɗai ta buga neman taimako, aka ajiye ta a layi wajen minti 20 ana jiran ma'aikacin da ke jin harshenta, da kiran ya iso ga Torres kuwa, abin da ta ji shi ne kisan yarinyar. Daga nan ta tashi haiƙan sai da birnin ya ƙara ɗaukar masu harshe biyu, ta shiga siyasa, ta zama magajiyar garin Pomona, ta kuma shiga majalisar wakilai ta tarayya a 2015. Labarinta hujja ce a kan cewa tambayar ko su wane ne ke zaune a waɗannan kujeru ta wuce sha'awar masu ƙididdiga, musamman a ƙasar da miliyoyin mutane ba Ingilishi suke yi a gidajensu ba.

A 2019 Torres, tare da ɗan majalisa Brian Fitzpatrick, wanda jam'iyyarsa dabam ce da tata, ta gabatar da ƙudurin da ke neman gwamnatin tarayya ta fitar da masu amsa kira daga rukunin ma'aikatan ofis ta sanya su cikin rukunin masu tsaron rayuka, inda 'yan sanda da 'yan kwana-kwana suke, har ma da masu tsallakar da 'yan makaranta titi da masu gadin wuraren iyo; gama a gyaran da aka yi wa jerin sana'o'i a 2018 an bar su inda suke, tare da akawuna da masu tura motocin haya. Ƙudurin ya yi ta kai da kawowa daga wannan zama na majalisa zuwa wancan, jihohi kuwa ba su tsaya jira ba: Teksas a 2019, Kalifoniya a 2020, Niyok a 2021, kowace ta yi dokar da ta amince da su a matsayin ma'aikatan ceto na sahun farko. Ina goyon bayan wannan gyara, amma wajibi ne a gane iyakarsa, domin sauya rukuni shi kaɗai ba ya ƙara ko kwabo a albashi. Abin da yake yi shi ne ya ba ƙungiyoyin ƙwadago madogara sa'ad da suka zauna ciniki a kan fansho, da shekarun ritaya, da kuɗin jinyar wanda aikin ya taɓa wa hankali.

Kuɗin kuwa ba a rasa inda za a nemo shi ba. Kusan kowane mai layin tarho a Amurka ana cire masa ɗan wani haraji duk wata da sunan 911, abin da jihohi ke tarawa ta wannan hanya ya haura dala biliyan 3 a shekara, amma hukumar sadarwa ta tarayya, a rahoton da take miƙa wa majalisa shekara-shekara, ta sha ambaton jihohin Niyok da New Jersey cikin masu karkatar da wani sashe na kuɗin zuwa wasu hidimomi dabam. Dukiyar da aka karɓa daga hannun jama'a da sharaɗin wata manufa amana ce, ba ya halatta a kashe ta a wani waje alhali kujerun masu amsa kira suna nan babu kowa.